Sana'ar auna bashi mai kasada: abin da Arlit ke koya wa mai farawa

Ranar 31 ga watan Maris 2021 aka fitar da dutsen ƙarshe daga ramin Akuta, kusa da Arlit, bayan shekara 43 ana haƙar uraniyom a zurfin mita 250 ƙarƙashin ƙasa. Kamfanin COMINAK ya rufe. Ma'aikata wajen 600 suka ajiye aiki, ban da waɗanda ke ci a ƙarƙashin ƴan kwangila. Rufewar ba ta zo ba zato ba, domin tun watan Oktoba 2019 shugabannin kamfanin suka sanar da ranar, suka ce ma'adinin ya ƙare kuma kuɗin haƙa ya fi kuɗin sayarwa. Amma a garin Akokan, inda mai shago ke rubuta bashin mai albashi cikin littafi har ƙarshen wata, ba kowa ne ya ɗauki sanarwar da nauyinta ba. Wanda ya lura ya rage ba da kaya tun da sauran lokaci. Wanda bai lura ba ya wayi gari da littafi cike da sunaye, masu sunayen kuwa sun ɗaure kaya sun nufi Agadas, Tawa ko Damagaram.

Abin da ya raba masu shagon nan biyu shi ne abin da wasu mutane suka mayar sana'a a manyan biranen duniya, ana biyansu albashi a kai. Aikinsu su duba mai neman bashi, kamfani ne ko gwamnati, su faɗi ko zai biya, da kuma abin da zai rage wa mai kuɗi idan bai biya ba. A cikinsu akwai waɗanda suka keɓe kansu ga bashi mai kasada, wato bashin da ake biyan ruwa mai yawa a kansa saboda ana shakkar mai cinsa. Ƴan makarantarmu da suka karanta lissafi da tattalin arziki sun fara tambayar ta wace ƙofa ake shiga wannan aiki. Amsar ba ta da tsawo, amma ba za ta shiga kunne ba sai an bi ta Arlit, domin a nan ƙasar babu wurin da ya tara darasin bashi kamar garuruwan uraniyom.

SANA'AR BA BAƘUWA BA CE

Duk wanda ya taɓa zama a kasuwar raƙuma ta Agadas ya san cewa baƙo ba ya ba da dabbarsa bashi ga mutumin da bai sani ba. Dillali ne ke tsayawa. Shi ya san mai saye, ya san gidansa, ya san ko ya taɓa cin amana, ya san ko bana hatsi ya yi a garinsu. Idan ya ce a ba shi, an ba shi. Idan mai saye ya gudu, sunan dillali ne ya ɓaci, wani lokaci ma aljihunsa. Haka fatake masu zuwa Bilma da Fashi ɗaukar gishiri suka daɗe suna yi, haka masu gidan baƙi na Kano da Maraɗi. Mai binciken bashi na zamani dillali ne da ya koyi karanta takardun lissafi. Bambancin kawai, shi mai sayensa kamfani ne mai ma'aikata dubbai, kuma bashin na shekara biyar ne ko goma.

Babban kamfani ko gwamnati idan suna neman kuɗi mai yawa, ba lalle su je banki ɗaya ba. Sukan buga takardun bashi su sayar wa jama'a da bankuna da kamfanonin inshora. A kasuwar ƙasashen UEMOA kowace takarda ta baitulmali ta shekaru tana ɗauke da jikka 10. Wanda ya saya ana ba shi ruwa kowace shekara, a ƙarshen wa'adi a mayar masa da uwar kuɗinsa. Tun 1909 wani Ba'amurke mai suna John Moody ya soma bai wa irin waɗannan takardu maki, ya fara da na kamfanonin jirgin ƙasa. Yau manyan gidajen ba da maki uku ne: Moody's, Standard and Poor's da Fitch. Makin da ya fi kowanne shi ne AAA. Daga nan ana gangarowa har BBB-, nan aka ja layi. Abin da ke saman layin ana ɗaukarsa bashi mai aminci. Abin da ke ƙasa, daga BB+ zuwa B zuwa C, shi ne bashi mai kasada, wanda ƴan kasuwar Amurka suka yi wa laƙabin tarkace.

Da can manyan masu kuɗi ba sa taɓa tarkacen. A shekarun 1970 wani matashi, Michael Milken, ma'aikacin bankin Drexel Burnham Lambert, ya dogara da wani bincike da W. Braddock Hickman ya wallafa a 1958, ya ce idan mutum ya sayi irin waɗannan takardu na kamfanoni da yawa, ruwan da zai samu zai rufe asarar waɗanda suka karye har ya bar riba. Daga 1977 kamfanoni marasa maki mai kyau suka shiga buga takardunsu kai tsaye, kasuwa ta buɗe. Ƙarshen labarin bai yi daɗi ba: a 1990 bankin Drexel ya karye, Milken ya amsa laifin karya dokokin kasuwa, aka ɗaure shi. Kasuwar dai ba ta mutu ba, tana nan a New York da Landan.

Lissafin da ke ƙarƙashinta wanda ya fito ajin yaƙi da jahilci ma zai iya bi. A ce mutum yana da miliyan 100. Idan ya ba mai aminci da ruwa 6 cikin 100, a shekara ya sami miliyan 6. Idan kuwa ya raba wa masu kasada 100, kowa miliyan ɗaya da ruwa 10 cikin 100, sai biyar suka karye, aka ƙwato kashi 40 kawai na abin da ke hannunsu, to 95 sun biya shi miliyan 9 da rabi, biyar sun cinye masa miliyan 3, saura miliyan 6 da rabi. Ya ɗan fi na farko. Amma idan goma suka karye, abin da zai rage masa miliyan 3 ne, rabin abin da mai hankali ya samu yana barci. Tsakanin biyar da goma, nan ne gurin aikin mai binciken bashi. Ba a ɗauke shi don ya gano kamfanin da zai yi arziki ba. An ɗauke shi don ya tsame mutum biyar ɗin nan tun kafin a miƙa musu kuɗi.

DARASI NA FARKO: SHEKARUN WADATA

An kafa SOMAIR a 1968, garin Arlit ya tashi a 1969 a fili mai tsakuwa kimanin kilomita 250 arewa da Agadas, uraniyom na farko ya fita a 1971. COMINAK ya biyo baya a 1974, ya fara fitar da kaya a 1978, da hannun jarin Nijar da Faransa da Japan da Sifen. Lokacin ya dace. Tsadar man fetur ta 1973 ta sa ƙasashe masu masana'antu sun ruga gina tashoshin lantarki na nukiliya, kuɗin uraniyom ya yi tsalle har ya kai dalar Amurka 43 kowace laba a 1978. Laba ba ta kai rabin kilo ba. Kuma mai karatu ya lura, dalar Amurka ake nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba.

Waɗanda suka yi wayo a zamanin Janar Seyni Kountché suna tune da abin da kuɗin ya yi. An soke harajin kai da ya daɗe yana korar talaka daga garinsa. An shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Agadas zuwa Arlit, fiye da kilomita 600, wadda har yau ake kira hanyar uraniyom. An kafa SONICHAR a 1975 don haƙar gawayin ƙasa a Anu Araren, ya fara ba ma'adinai da Agadas lantarki a 1981. A Yamai aka gina Otal Gaweye da babban zauren taro da gidan ONAREM. Uraniyom ya kai fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin abin da ƙasa ke sayarwa waje, kuma a 1981 aka haƙo fiye da ton 4,300, adadin da aka jima ba a sake gani ba.

Amma ba duka aka yi da kuɗin hannu ba. Ganin kuɗi na shigowa, bankunan ƙasashen waje suka buɗe wa Nijar ƙofa, gwamnati da kamfanoninta suka ci bashi, wani sashe mai ruwan da ke hawa da sauka bisa kasuwa. Kowa ya yi lissafi kamar kuɗin 1978 zai dawwama. Ranar 28 ga Maris 1979 aka yi haɗari a tashar Three Mile Island ta Amurka, aka soke kwangilolin gina sababbin tashoshi da dama, kuɗin uraniyom ya kama gangara. A daidai wannan lokaci babban bankin Amurka ya ɗaga kuɗin ruwa har ya doshi 20 cikin 100, dalar Amurka ta yi tsada, tamma ta faɗi tare da kuɗin Faransa. Abin sayarwa ya yi araha, abin biya ya yi tsada. A 1983 Nijar ta nemi taimakon FMI, a watan Nuwamba na shekarar ta zauna da ƙasashe masu binta a Paris aka ɗage mata wa'adi. Ba wannan ne zama na ƙarshe ba. Fari na 1984 ya zo ya tarar da baitulmali a bushe, haɗarin Cernobil na 1986 ya ƙara danne kuɗin ma'adinin, kuma nauyin bashin nan bai yi sauƙi sosai ba sai a 2004, da aka yafe wa ƙasar wani babban sashe ƙarƙashin shirin ƙasashe matalauta masu bashi.

A cikin gida ma an biya kuɗin makaranta. Bankin BDRN, wanda aka kafa a 1961 don raya ƙasa, ya rarraba lamuni a shekarun wadata, da yawa ba tare da jingina ta kirki ba, da yawa kuma ba su dawo ba. A 1990 aka rufe shi, SONIBANK ya gaji wurinsa. Ba za a ce babu masu ilimi a bankin ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne ma'aikacin da aikinsa kawai ya rubuta "kada a ba shi", kuma a bar takardar ta yi aiki ko da mai neman babban mutum ne.

Me ya sa ƙaramar faɗuwar kuɗin kaya ke kayar da mai haƙa? Ga misali, ba lissafin wani kamfani ba ne. Ma'adini yana fitar da ton 2,000 a shekara, ana sayen kilo jikka 50, kuɗin shiga miliyar 100 ke nan. Albashi da gazuwal da farar wuta da lantarki da sufuri sun ci miliyar 80, saura 20. Ana bin kamfanin miliyar 60, wato abin da zai biya da ribar shekara uku. Ba laifi. To, kilo ya sauko zuwa jikka 45, ragin kashi ɗaya cikin goma kawai. Kuɗin shiga ya koma 90, amma ramin bai rage zurfi ba, motoci ba su rage shan mai ba, 80 ɗin nan tana nan. Saura 10. Bashin da jiya yake na shekara uku ya zama na shekara shida, alhali ba a ƙara cin ko tamma ba. Wannan rabon bashi da riba shi ne lissafi na farko da ake koya wa sabon ma'aikaci, na biyu kuwa shi ne sau nawa ribar za ta iya biyan ruwan shekara. Kuma ba a yin su da kuɗin yau kaɗai. Ana yin su da kuɗin mummunar shekara.

DARASI NA BIYU: BABBA MA YANA GANGAROWA

Shekara 30 bayan haka aka maimaita karatun, amma wannan karon wanda ya zauna a benci shi ne mai haƙar da kansa. A wajen 2001 laba ta faɗi har dalar Amurka 7. Sai ta juya, a watan Yuni 2007 ta haura 130. Kamfanin Areva na Faransa, wanda ya gaji hannun jarin COGEMA a SOMAIR da COMINAK, ya sayi wani kamfani mai suna UraMin a wannan shekara kan dalar Amurka miliyar 2 da rabi, saboda ma'adinan da aka ce yana da su a Namibiya da Afirka ta Kudu da Afirka ta Tsakiya. A watan Janairu 2009 ya karɓi izinin haƙar Imuraren, kudu da Arlit, inda aka yi alkawarin ton 5,000 a shekara. Matasan jahar Agadas da yawa suka shiga koyon tuƙin manyan motoci da aikin injuna saboda wannan alkawari, ƴan kwangila suka ci bashi suka sayi kayan aiki.

A watan Maris 2011 igiyar ruwa ta afka wa tashar Fukushima a Japan. Japan ta kashe tashoshinta, Jamus ta yanke shawarar barin nukiliya. A ƙarshen shekarar Areva ya amsa cewa ma'adinan UraMin ba su kai abin da aka biya ba, ya share kusan dukan kuɗin daga littafinsa. Tashar da yake ginawa a Finlan tun 2005, wadda aka ce za a gama a 2009, ba ta shiga aiki sosai ba sai 2023. A watan Mayu 2014 aka dakatar da Imuraren. A watan Nuwamba na wannan shekara Standard and Poor's ya saukar da makin Areva zuwa BB+, wato ƙasa da layi, kuma asarar kamfanin ta 2014 ta kai yuro miliyar 4.8. Kamfanin da bankuna ke rububin bai wa kuɗi ya koma sahun tarkace.

A nan akwai abin lura ga mai koyo, kuma abin yana da ɗaci. Waɗanda suka riƙe takardun bashin Areva ba su yi asara ba. Gwamnatin Faransa, wadda ita ce mai mafi yawan kamfanin, ta zuba yuro miliyar 4 da rabi a 2017, aka rarraba shi, sashen ma'adinai ya ɗauki sunan Orano a watan Janairu 2018. Mai binciken da ya duba lissafi kaɗai ya ce a gudu. Wanda ya tambayi kansa ko Faransa, da ke samun kusan kashi 70 na lantarkinta daga nukiliya, za ta bar kamfanin ya mutu, ya ce a saya tun takardun suna araha, kuma shi ya ci riba. Wanda ya yi asarar gaske shi ne direban da aka sallama a Imuraren da ɗan kwangilar da babu gwamnatin da ta tsaya masa. Saboda haka tambaya ta uku bayan lissafi biyu na sama ita ce: wa ke bayan mai cin bashin, kuma a layin masu jiran biya, wa ke gaba wa ke baya? Amsar tana cikin takardar yarjejeniya, mai shafi ɗari biyu ko fiye, wadda yawancin mutane ke sa wa hannu ba su karanta ba.

DARASI NA UKU: KUƊI NA NAN, HANYA BABU

Nijar ta sami makinta na farko daga Moody's a watan Agusta 2019, aka ba ta B3. Ke nan ƙasarmu kanta tana cikin masu bashi mai kasada, kamar yawancin ƙasashen Afirka. Bayan sauyin mulki na 26 ga Yuli 2023, CEDEAO da UEMOA suka ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyakoki, aka toshe asusun gwamnati a BCEAO. Cikin ƴan kwanaki makin ya sauka zuwa Caa2, a watan Fabrairu 2024 ya koma Caa3. Zuwa lokacin, abin da ya taru na takardun baitulmali da wa'adinsu ya cika ba a biya ba ya haura miliyar 300. Bankunan yankin da suka sayi takardun sun yi lissafin haraji da kasafin kuɗi daidai, amma ƙalilan ne suka tambayi abin da zai faru idan ƙofar da ake bi a biya ita ce aka kulle. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu 2024, a watan Afirilu ƙasar ta koma kasuwa ta shiga biyan abin da ya taru, sai dai da ruwan da ya fi na da tsada.

A Arlit ma hanyar ce ta yi magana. Tun farko gangunan uraniyom ta Tawa da Doso da Gaya suke bi su shiga Benin har tashar jirgin ruwa ta Kwatano, kayan aikin masana'anta kuma ta nan suke hawowa. Da iyakar ta tsaya a rufe, fiye da ton 1,000 suka taru a Arlit babu fita, a daidai lokacin da laba ta haura dalar Amurka 100 a watan Janairu 2024. A watan Yuni 2024 gwamnati ta karɓe izinin Imuraren, a Disamba Orano ya ce SOMAIR ya fita daga hannunsa, a watan Yuni 2025 kuma gwamnati ta mayar da kamfanin mallakar ƙasa, wanda da Orano ke da kashi 63.4, SOPAMIN na da 36.6. Orano ya kai ƙara gaban kotun sasanta rigingimun jari ta duniya. Kaya na da tsada, ma'adini na nan, ma'aikata na nan, amma mai ba da bashi yana so ya san wa zai saya, ta wace hanya, da izinin wa.

TA INA AKE SHIGA

Gaskiya ita ce, a Yamai babu kasuwar takardun kamfanoni masu kasada irin ta New York, kuma duk wanda ya ce wa ɗalibi zai fito jami'a ya faɗa cikinta ya ruɗe shi. Amma aikin kansa yana nan, da wasu sunaye. Kowane banki a ƙasar yana da sashen nazarin lamuni, kuma mafi yawan takardun da ke zuwa teburinsa na masu kasada ne: ɗan kwangila mai jiran gwamnati ta biya shi, mai motocin sufuri, mai shigo da shinkafa. Ma'aikatar kuɗi tana da ofishin kula da bashin ƙasa, inda ake buƙatar wanda ya san yadda masu ba da maki ke tunani don ya amsa musu da harshensu. A yankin akwai BOAD a Lome, da UMOA-Titres a Dakar wadda ke shirya sayar da takardun baitulmali tun 2013, da kasuwar hannun jari ta BRVM a Abijan, da gidajen ba da maki na Afirka kamar Bloomfield a Abijan, wanda Stanislas Zeze ya kafa a 2007. Daga irin waɗannan wurare ne ake ɗaukar mutum zuwa Landan ko Paris, bayan ya yi shekaru yana nuna aikinsa.

Karatun da ake bukata ba sihiri ba ne. Tushensa lissafin kamfani bisa tsarin OHADA, har mutum ya iya duba takardun shekara uku ya gane inda kuɗi ya shiga da inda ya fita, domin riba a takarda daban, kuɗi a asusu daban, kuma bashi da kuɗi ake biyansa. Ana samun wannan a Jami'ar Abdou Moumouni, a ƙara a CESAG ko a COFEB, makarantar BCEAO, duka a Dakar. Sai doka, gwargwadon fahimtar jingina da karyewa. Sai Ingilishi, wanda babu makawa, domin da shi ake rubuta yarjejeniyoyin da rahotannin kasuwa, da shi kuma ake jarrabawar CFA mai hawa uku da manyan gidajen kuɗi ke girmamawa. Wanda ya fito makarantar ma'adinai, EMAIR ta Agadas ko EMIG ta Yamai, kada ya ɗauka an rufe masa ƙofa. Shi ne ma ya fi kowa sanin ma'anar raguwar ƙarfin ma'adini a dutse, kuma koya masa lissafin kuɗi ya fi sauƙi a kan koya wa ma'aikacin banki ilimin duwatsu.

Shekarar farko babu daɗi a cikinta. Sabon ma'aikaci zai yini yana kwafe lambobi cikin kwamfuta, yana neman dalilin da ya sa jimla ba ta dace ba, yana karanta ƙananan rubutun da ke bayan rahoton shekara, inda kamfanoni suka saba ɓoye abin da ba su son a gani, kamar kuɗin da doka ta wajabta a ware don gyaran wuri bayan an rufe rami. Daga baya a ba shi kamfani ɗaya ko biyu ya bi. Abin da ake jira daga gare shi takarda ce mai shafi biyu: a ba da ko kada a ba da, da ruwa nawa, da wace jingina, da abin da zai sa ya sauya ra'ayi. Sa'an nan ya tsaya gaban manyansa su yi masa tambayoyi. Mai son shiga aikin zai kyauta idan ya rubuta irin wannan takarda tun yana ɗalibi, a kan kamfanin da ke buga lissafinsa a fili, ya riƙa ta a hannu ranar neman aiki. Ta fi takardar shaida magana.

Wasu iyaye za su ce aikin ruwa ne, ruwa kuwa riba ce da addini ya hana. Maganar tana da nauyi, kuma malamai ne masu hukunci a kanta. Abin da za a iya faɗi shi ne, akwai bankunan Musulunci a ƙasar, kuma akwai takardun sukuk, waɗanda ba ruwa ake biya a kansu ba, haya ce ta kadara. Masu sayen sukuk su ma suna bukatar wanda zai gaya musu ko za a biya su, kuma lissafin ɗaya ne.

Abu na ƙarshe da ba a koyarwa a aji shi ne zuwa wurin. Rahoton da aka rubuta a ofis mai sanyi a Landan zai ce akwai kwalta daga Arlit zuwa Tawa, kuma bai yi ƙarya ba. Ɗan Akokan kuwa ya san awa nawa babbar mota ke yi tsakanin Agadas da Abalak, ya san watan da lantarkin Anu Araren ke yankewa, ya san ko an biya ƴan kwangila a kan lokaci, domin kawunsa na cikinsu, kuma jinkirin biyan ƴan kwangila kan riga kowane rahoto nuna cewa asusu ya soma bushewa. A Dasa, tsakanin Agadas da Arlit, kamfanin Global Atomic na Kanada ya soma haƙa rami a 2022, gwamnatin Nijar na da kashi 20 a ciki, kuma ya shafe shekaru yana neman lamunin gina masana'anta. Ɗalibin da ke son gwada hannunsa yana iya ɗaukar takardun wannan kamfani, waɗanda ake bugawa duk wata uku, ya fitar da kuɗin haƙa kowace laba, ya rage kuɗin sayarwa da kashi ɗaya cikin huɗu, ya ƙara wata shida na rufewar hanya, sa'an nan ya rubuta a shafi biyu ko shi zai ba da kuɗin, da kuma jinginar da zai nema.